Baffa Idi da Damunar Ƙubrus

Duk wanda ya zauna a unguwar Sa'alaba ta Jidda ya san Baffa Idi da rigar sanyinsa. Oktoba na kamawa zai zura ta, mu muna jiƙe da gumi, ya ce ai damuna ta faɗi a Ƙubrus. Ƙanin mahaifina ne, direba. Wanda yake wa tuƙi ya taɓa ajiye shi 'yan shekaru a wannan tsibirin yana kula da gida da lambu. To, gangar jikinsa ce kawai ta dawo Jidda.

Saman gidan hayarsu ya cika shi da bokitan fenti: na'ana'a, waken ful, latas, da wata bishiyar zaitun da yake kira Hajiya. Shuka sai lokacin da ake yi a can, ko da ranar Jidda za ta ƙone ta. Ban ruwa kuwa da ɗigon na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta yake yi, gwangwani ƙarƙashin kowace taga. Na ce masa ga famfo, ya ce wannan ruwan teku ne aka wanke, shi mai saukowa daga sama yake so.

Hajiya ta ƙi haihuwa. Matarsa, Inna Larai, ta gaji da mita, ta sayo zaitun a baƙala, kantin unguwa, ta ɗaɗɗaure a rassan da zare. Ya hau da safe, ya tsinko ɗaya, ya tauna a natse.

"Larai, ko a Ƙubrus ban ga bishiyar da ke haihuwa da gishirinta ba. Gobe ki haɗa mata da cuku."

Sai ruwan bokitan ya fara yoyo ɗakin mai gidan, ya ce halas, ya isa haka, ko a sauke lambu ko su tashi. Inna ta fara ɗaure kaya tana kuka, don nan ta haifi 'ya'yanta duka. Baffa bai roƙi kowa ba, ya dai daina aika na'ana'a ƙasa. Ashe mahaifiyar mai gidan ba ta shan shayi sai da tasa. Kafin Juma'a sai ga mai gidan da buhun siminti a kafaɗa, yana ce masa baffa da Larabci: "Yalla ya Ammi, ina ne yake yoyon?"

Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira Inna ya ba ta haƙuri, wai ya yi alkawarin kai ta tsibirin ta ga itatuwan lauz, wato almon, sun yi fure, bai cika ba. Ta riƙe hannunsa ta ce ta yafe, dama ita tsoron jirgi take.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya haɗa su a lambun da ba ya bushewa.