Maharazu, Mai Lamba Saba'in da Huɗu

Abokina Maharazu ƙato ne. Tun yana lodi a kasuwar Singa ake ce masa Kwantena, sunan kuma ya biyo shi har Dubai, inda ya samu aikin ɗaukar kaya a wani sito, yana kwana a Sonapur, unguwar leburori, ɗaki ɗaya da mu. Ba shi da hayaniya. In an gama cin abinci shi yake kwashe kwanon kowa ya wanke.

Koci Ibrahim, wani Ba'amurke malamin makaranta, shi ya hango shi a masallacin Juma'a ya bi shi har bakin titi. Yana da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta masu sha'awa, ba albashi, shekara guda ba su ci wasa ba. Ya ce katanga yake nema.

Aikin Maharazu a fili ɗaya ne: ya durƙusa a layin gaba, da an saki ƙwallo ya tare duk wanda ya taso wa mai jifa. Ya koyi cewa dama huɗu ake ba ku ku ci yadi goma. In ya dawo ɗaki sai ya jera kofunan shayi a ƙasa yana yi mana bayani.

"Malam, wannan ba ƙwallo ba ce, gwanda ce," in ji Gidaɗo, mai gadon sama. "Kuma da hannu! Ku dai ce dambe kuke yi da hular kwano."

Maharazu ya ce, "Kai da ƙungiyarka ta ƙwallon ƙafa ta sallami koci uku ba ta ci ko cokali ba? Koci shi ne ƙungiya, habibi. Namu har numfashin kowa ya sani."

Kuma gaskiyarsa. Tun da ya tsaya a layin, mai jifa ya daina cin ƙasa, suka fara cin wasa. Duk Juma'a da yamma yana tura bidiyo Kano, wa 'yarsa Nuriyya, wadda ya baro tana tatata. Wata rana ta aiko masa da murya.

"Baba, kowa yana gudu da ƙwallo, kai ture mutane kawai kake yi. Ba sa ba ka ne?"

Ya yi dariya, amma ranar bai ci abinci ba. Dokar wasan ce: mai lamba irin tasa, saba'in da huɗu, ba ya kama ƙwallon da aka jefo, sai in ya fara zuwa gaban alƙalin wasa ya shafa ƙirjinsa, an sanar wa kowa. Ya je ya samu Koci, yana sosa ƙeya, ya gaya masa abin da yarinyar ta ce.

"Khalas, shi ke nan," in ji Koci. "Kai mu wasan ƙarshe, in sa a jefo maka."

Ya kai su. Da gwiwa a kumbure ya kai su, yana ɗaure ta da tsumma kafin ya tafi sito don kada shugaban aiki ya gani. An sa wasan ƙarshe a watan Maris na 2020. A atisaye suka gwada dabarar: Koci ya tsaya a matsayin alƙali, Maharazu ya shafa ƙirji, ya ruga da nauyinsa, ƙwallo ta suɓuce, ta sake suɓucewa, daga baya ya cafe ta da hannu biyu kamar jinjiri, ya faɗi da ita bayan layin ƙarshe. Ya cire hular kwano ya ƙwala, "Nuriyya!" Gidaɗo, da ya raka shi ranar, ya ɗauka a waya, ya ce bari ya tura.

"A'a," in ji Maharazu. "Atisaye ba wasa ba ne. Sai na gaske, da jama'a."

Ba a yi na gasken ba. Korona ta shigo, aka rufe filin, aka rufe mu a ɗakuna. Maharazu ya rataye rigarsa a ƙusa, kullum yana cewa jinkiri ne kawai. Cikin azumi ya fara tari. Ya ce mura ce, ya ci gaba da wanke mana kwano har ranar da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Mutum huɗu suka kama shi zuwa motar asibiti, yana ba su haƙuri saboda nauyinsa. Ba mu sake ganin fuskarsa ba. A maƙabartar Muhaisnah aka binne shi, ba nisa da ɗakinmu, amma ba a bar mu mun raka shi ba. Allah ya jiƙan ka, Maharazu, ya haskaka makwancinka.

Bayan sallah Gidaɗo ya tura wa Hadijatu, matar Maharazu, bidiyon atisayen, don shi kaɗai ne ya nuna shi da ƙwallo a hannu. Ta ce yarinyar ta yi ta maimaita shi har wayar ta mutu. Washegari Nuriyya ta aiko da murya, a hankali.

"Kawu, na ga Baba ya kama. Amma me ya sa ba kowa a kujerun?"

Gidaɗo ya saurara, ya miƙo mana wayar. Ta zagaya ɗakin ta dawo hannunsa.