Tokar Murhu a Ƙafar Baburin Baba

Wata Laraba ce da hantsi, a ƙarshen kakar 1977, ina aji uku a firamare. Na ruga gida cin tara, sai na tarar da amalanken shanu tsaye a ƙofar gidanmu, an kwantar da baburin Baba a ciki kamar maras lafiyar da aka dawo da shi daga asibiti. Baba yana gefe, ya manne hannunsa na dama a ƙirji, ƙafafunsa sun yi futu-futu, don tun daga Kura ya biyo amalanken a ƙasa. Maƙwabta sun taru ana ta jajanta masa, shi kuwa ban da "to, to" ba abin da yake cewa. 

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin babbar hanyar ruwan da muke kira kanal. Aikin Baba shi ne buɗe ƙofofin ruwa. Da asuba zai hau babur ya bi gefen kanal, ya buɗe wannan ya rufe waccan, don masu alkama da masu tumatir kowa ya samu rabonsa. Aikin nan shi ne cinmu, shi ne kuma mutuncinsa, har tsofaffi kan tsokane shi da Sarkin Ruwa. To, a saman kowace ƙafar gaba ta baburin, dab da inda ake riƙewa, akwai wani noti mai faɗi da ake murɗawa a matse sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ciki mai shanye gargada, ko a sassauta shi. Lokacin tumatir Baba ya matse su tamau saboda kwandunan da yake ɗaurawa gaba da baya. Da kaya suka ƙare ya zo sassautawa, notin nan biyu suka ce ba su san zancen ba. Haka ya ci gaba da hawa, gaban babur ya ƙame kamar taɓarya, har ranar da ya faɗa wani rami da damina ya karye a wuyan hannu.

Maɗori ya yi ɗori, ƙashi ya kama, amma hannun ba ya jure girgiza. Ko ƙaramar gargada ya taka, sai yatsunsa su saki birki don azaba. Ga shi malamin da ke kula da masu buɗe ruwa ya aiko cewa ran Litinin za a sako ruwan rani, in Baba ba zai iya zagaye ba, akwai mai jiran wurin. Shi ya sa ya kai baburin wajen wani bakanike a Kura. Mutumin ya sa doguwar sifana ya hau da ƙarfin tsiya har ya cinye gefen noti ɗaya, sannan ya ɗauko kurfi da guduma zai sare shi, yana cewa in ya fashe sai a nemo wani a Kano, in an dace. Baba ya ce a'a, kada garin neman gira a rasa ido, ya nemi amalanke.

Da la'asar aka tura baburin maƙerar Baba Ilu, muka bi mu yara ɗuu. Mutane har dariya suke yi a ɓoye, wai me mai ƙera fartanya da lauje ya sani game da babur? Baba Ilu ko keke bai iya hawa ba. Dogon tsoho ne baƙi, maras yawan magana, damatsansa kamar na ɗan dambe, ga tabon wuta ko'ina a hannuwansa. Bai taɓa sifana ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon notin, ya kankaro wani farin gari da ya taru a gindinsu da farcensa, ya ɗora a harshe. Sai ya tofar ya ce, "Wannan ai ba tsatsa ba ce kaɗai. Toka ce. Wa ke wanke abin nan?"

Ni ce. Ni tun ina ƙarama ba na iya ganin abu da dauɗa, Inna har kirana take yi Dije sarkin iya-yi. Kullum Baba ya tafi masallacin la'asar sai in ɗebo ruwan kanal a bokiti, in haɗa tokar murhu da yashi kamar yadda muke dirje tukwane, in bi baburin nan ina goga. Notin nan biyu kuwa su na fi ba wa ƙarfi, don su suka fi ƙyalli. In na gama sai in sheƙa musu ruwa in koma gefe ina jiran yabo. Baba yakan ce, "Allah ya yi miki albarka," bai san da me nake wankewa ba. Ashe ruwan tokar nan yana bin zaren notin yana cin ƙarfen, yana haɗe shi da ƙafar. Wato ni na karya hannun ubana, ni kuma zan raba shi da aikinsa. Na buɗe baki a gaban kowa na faɗa, ina kuka har da majina. Baba ya sunkuyar da kai kawai, kuma wallahi na gwammace ya tsinke ni da mari.

Baba Ilu ne ya juyo wajena. Ya ce in share hawaye in je bakin kanal in samo masa yumɓu mai kyau. Kafin in dawo ya sassauta wasu ƙananan kusoshi biyu da suka matse wuyan ƙafafun daga gefe, waɗanda bakaniken Kura ko kallonsu bai yi ba, ya ce ba a shaƙe mutum sannan a ce ya yi magana. Ya murza yumɓun ya kewaye kowane noti da shi, ya yi masa 'yar ganuwa kamar komin albasa. Ya gauraya kananzir da baƙin mai a gwangwani ya cika komayen nan biyu. Ya ce yadda ruwa ke tsuma busasshiyar ƙasa a hankali, haka man zai bi zaren ya sauka, ba mai iya gaggauta shi. Safe da yamma yakan gasa wani guntun ƙarfe a wuta, ba ya bari ya yi ja, ya tsane man da tsumma, ya ɗora ƙarfen a kan notin har ya ɗau ɗumi. Sai ya ɗauki 'yar ƙaramar masabarsa ya yi ta ƙwanƙwasa shi a hankali, kamar mai sallama a ƙofar surukai, sannan ya gyara yumɓun ya sake cika mai.

Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne sifanar. Ya ƙera wata gajeruwa da ta zauna daram a kan notin, har wanda aka cinye wa gefe, amma ya ƙi murɗawa da kansa, ya kuma hana duk wani namiji taɓawa. Ni ya miƙa wa. Ya ce hannunsa ya saba da karya ƙarfe, in ya ji tauri zuciya za ta ɗebe shi ya ƙara ƙarfi, ƙarfin 'yar shekara tara kuwa ba zai iya fasa noti ba. "In Dije ba ta kwance shi ba, to bai nuna ba," in ji shi. Ya koya mini in fara matsawa kaɗan kamar zan ƙara ɗaurewa, sannan in dawo baya. Haka na yi Alhamis da Juma'a, kafin makaranta da bayan an tashi, ina ja har idanuna su yi ja, notin ko gezau. Matasan da ke zaman maƙera suna ta surutu, wannan ya ce a sa bututu a sifanar a ƙara mata tsawo, wancan ya ce a kai Kano tun da sauran lokaci. Baba Ilu yana ta zuga wutarsa kamar ba da shi ake ba.

Ran Asabar da safe notin hagu ya yi wata 'yar ƙara, ƙis, ya motsa. Na yi ihu har kaji suka watse. Na dama kuwa, wanda bakanike ya ɓata, ya kafe. Lahadi da safe ma ya ƙi. Baba ya zo ya tsaya, ya ce da tsohon a sanyaye, "Yaya Ilu, gobe ne fa. Ko ka gwada da hannunka?" Na ga yadda Baba Ilu ya kalli sifanar, na ga yatsunsa sun motsa, don shi ma abin ya dame shi. Amma ya maida hannuwansa baya ya ce, "In na fasa shi yau, goben ma babu ita. Bari a yi la'asar." Ranar ko tuwon rana ban iya ci ba. Da aka sauko daga salla ya sake ɗumama notin, ya ƙwanƙwasa ya fi na kullum daɗewa, ya ce in yi bisimilla. Na matsa gaba, na dawo baya, ba komai. Na sake. A karo na uku sai na ji sifanar ta tafi da hannuna, wani baƙin ruwa mai wari ya ɓulɓulo ta gindin notin. Baba Ilu bai yi murmushi ba ma, ya dai ce, "Madalla, kawo giris." Ya wanke zaren da kananzir, ya shafe shi, ya sa Baba ya hau yana danna gaban ana sassautawa, har baburin ya riƙa lotsawa yana tasowa ba tare da Baba ya yamutsa fuska ba.

Litinin da asuba na ji tashin baburin. Ban tafi makaranta da wuri ba, na je na zauna a bakin ƙaramar magudanar da ta bi bayan gidanmu, wadda ta yi makonni a bushe. Ƙofarta ce ta ƙarshe a zagayen Baba, in ruwa ya zo nan, to ya kai ko'ina. Rana ta fito, 'yan makaranta suka wuce suna kirana, ni kuwa idona na kan magudanar. Can sai na hango shi yana tahowa a hankali, jan ruwa, yana turo karmami da busasshen ganye a gabansa. Na sa ƙafafuna a ciki na yi ta kuka. Da Baba ya dawo ya same ni a wurin, ya kashe babur, ya dafa kaina da hannun nan da ya karye ya ce, "Tashi ki tafi makaranta, uwata. Gobe ki wanke mini shi, amma da tsumma." Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana buɗe ruwa.

Yanzu babura sun fi jakuna yawa a ƙauyenmu, inda maƙerar take kuma shagon cajin waya ne. Kwanaki jikana ya kai nasa gyara, noti ya ƙi kwantuwa, kafin in gama alwala an sare shi an jefar an ɗaura sabo. Ban ce laifi ba ne, kaya sun samu, kowa kuma sauri yake yi. Ni dai na tuna tsohon nan da ya fi kowa ƙarfi a garinmu, ya maida hannuwansa baya kwana huɗu yana jiran 'yar yarinya. Allah ya ji ƙan Baba Ilu, ban sake ganin mai ƙarfin da ya san inda zai tsaya kamarsa ba.