Farfesan da Ya Saci Kuskure

Mai Reza ake ce mata, kuma ba ta taɓa aske kan kowa ba. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana buga tafireta a ofishin mujallar jami'a, wani ɗaki a ƙarshen baranda mai taga ɗaya da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. A zamanin nan malamai da hannu suke rubuto maƙala. Ita za ta buga da takardar kabon, asalin ya zauna a fayil, kwafin kuma ta fiddo reza daga gwangwanin madara ta yanke sunan marubuci kafin a kai wa mai tantancewa, don kada ya ga sunan aboki ya yi laushi, ko na abokin gaba ya wasa wuƙa. Takan ce, "Komai girman farfesa, a gabana bai wuce tsawon yatsa ba."

Mijin yayarta ne ya samo mata aikin. Farfesa ne na gaske, mai tumbin da ke riga shi shiga ofis, kuma bai taɓa bari ta manta da alherin ba.

Wata shekara wata matashiyar malama, mai shiru-shiru, takalminta kullum da laka, ta kawo binciken shekara uku da ta yi tana bin rijiyoyi tana auna zurfin ruwansu. Wajen buga jadawalin, yatsun Mai Reza suka yi tuntuɓe, rijiya mai mita talatin da takwas ta zama tamanin da uku. Washegari ta gani ta gyara asalin, amma kwafin ya riga ya tafi hannun mai tantancewa, wato Farfesa. Ta ja bakinta ta tsuke. Bayan wata huɗu amsa ta dawo da layi ɗaya: babu sabon abu. Malamar ta karɓi takardar amsar ta ce, "Na gode, Anti," ta fita a hankali kamar mai tsoron tada ƙura.

Shekara biyu bayan haka Farfesa ya aiko da tasa maƙalar, ita ma a kan rijiyoyi. Mai Reza tana cikin bugawa, ƙwaƙwalwarta na can wajen cefane, sai yatsunta suka tsaya cak. Tamanin da uku. Uwa ba ta kasa gane ɗanta ko a tsakiyar kasuwa.

Ta ɗauki fayil ɗin biyu ta same shi a ofis.

"Yaya, wannan rijiyar mai mita tamanin da uku, da ƙafarka ka je?"

"Ke kuma yaushe kika zama masaniyar ruwa? Buga aka ce ki yi."

"Ai ni na haƙa ta, Yaya. Da yatsan nan. Duk duniya takarda ɗaya take ciki, kuma kai aka kai wa."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. "Ƙanwata, kin san wanda ya ɗora ki a kujerar nan?"

"Na sani. Kullum kana tuna mini, ina zan manta?"

"To hannun da ya ɗora yana iya saukewa."

Kwana uku tana jujjuya abin. Ga yara huɗu a makaranta, ga yayarta da ta goya ta. Ga kuma tonon nata asirin, don sai ta ce ta yi kuskure ta ɓoye kafin ta ce wani ya yi sata. Rana ta huɗu ta shimfiɗa takardun uku a gaban edita: rubutun hannun malamar, asalin da ta gyara mai tabon gyaran a jiki, da jadawalin Farfesa.

"Ranka ya daɗe, laifi biyu na kawo. Ƙaramin nawa ne."

Editan ya duba takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Da ma kin riƙa yin kuskure da yawa."

Maƙalar Farfesa ba ta fito ba. Ta malamar ta fito a fitowa ta gaba, da sunanta, da talatin da takwas ɗinta. Farfesa bai rasa kujerarsa ba, manya ai ba sa faɗuwa, zamewa suke. Mai Reza kuwa aka mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin fayil, ta yi shekara biyar tana atishawa kafin Farfesa ya yi ritaya a dawo da ita. Yayarta ta daina gaishe ta har sai da aka yi haihuwar jika.

Yanzu ta tsufa, yatsun sun kanannaɗe. An ce mata akwai na'urar da ke kama satar rubutu cikin ƙiftawar ido. Ta taɓe baki. "Ita na'urar tana da mijin yaya?"

Malamar rijiyoyi ita ce editar mujallar a yau. Takan zo gaisuwa, ta zauna a tabarma duk da girmanta, kuma har yanzu Mai Reza sai ta leƙa takalminta a bakin ƙofa ta ga ko da laka.