Ungozoman Mayo Bani

Kwaji Vandi ya shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar bidiyon bukukuwa a Mubi. Aure, suna, taron coci, saukar karatu, duk inda aka kafa rumfa za ka gan shi da kyamara a kafaɗa yana roƙon mutane su matsa daga gaban amarya. Bai yi karatun fim a ko'ina ba. Ya koyi yanka da haɗa hoto ne ta hanyar ɓata aikin mutane da ba su haƙuri.

Fim ɗaya tak ya yi don kansa. Minti goma sha huɗu ne, a kan Hansai, ungozomar ƙauyen Mayo Bani, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce. Ita ta karɓi haihuwar Kwaji, wata damina da mayo, wato kogi, ya cika ya hana mota wucewa, ta shiga ruwa har ƙirji ta iso wurin mahaifiyarsa. Hansai ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Don haka Kwaji ya zaunar da mijinta, Baba Bobboi, a gindin tsamiya, ya bar shi ya yi ta magana, sannan ya haɗa da hoton ruwa da hanya da ƙwaryar da take ɗauka.

Baba Bobboi Bafulatani ne, kuma Hausarsa ta Mubi ce, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba. Ga kunyar Fulani, bai taɓa kiran sunan matarsa ba. A fim ɗin cewa yake, "Shi kam ba ya tsoron mayo. Ko tuwo yake ci, in an kira shi, ya tashi. Rabin garin nan a hannunsa suka faɗo." Duk wanda ya kalla a Mubi ya san wa ake nufi. Kwaji ya sa wa fim ɗin suna Ungozoman Mayo Bani, yadda ake faɗa a gari.

Ya tura shi bukukuwan finafinai tara. Kowane turawa yini guda ne, don intanet kan yanke a tsakiya ya sake farawa. Biyar ba su amsa ba, uku sun ce a'a. Na taran, wani ɗan ƙaramin biki a wani birni na bakin teku, ya karɓa. Suka ce su za su sa fassarar Turanci a ƙasan allo, suna da malamin Hausa.

Da suka aiko masa da jadawalin bikin, Kwaji ya karanta sau uku. An rubuta cewa fim ne a kan wani namiji da ya zama ungozoma a ƙauye, wanda tsohon amininsa ke ba da labarinsa.

Ya samo lambar mai fassarar ya kira.

"Malam, mace ce fa. Matarsa ce."

"Ɗan'uwa, tsohon nan sau ashirin da uku ya ce shi. Kai ma ungozoman ka rubuta. Ni abin da kunnena ya ji na fassara."

"A Mubi kowa shi ne, Malam. Uwata ma shi ne."

"To wannan ba Hausa ba ce."

Kwaji ya kashe wayar kafin ya faɗi abin da zai yi nadama. Sai ya kira shugabar bikin. Ta fi malamin ladabi, amma maganarta ta fi ciwo. Ta ce gaskiya namijin ungozoman ne ya ja hankalin alƙalansu, don finafinan ungozomomi mata suna da su da yawa. In yana son gyara, sai a ji hujja daga cikin fim ɗin kansa.

Washegari ya hau babur ya nufi Mayo Bani, laka har gwiwa. Ya kafa kyamara gaban tsohon.

"Baba, kalma ɗaya nake roƙo. Ka faɗi sunanta."

Baba Bobboi ya kalli kyamarar, ya kalli Kwaji. "Ɗana, shekara arba'in da shida ban kira sunansa ba yana raye. Yau da yake kabari zan kira don mutanen teku?"

"Sun ce namiji ne, Baba."

Tsohon ya yi dariya har ya yi tari. "Su tambayi 'ya'ya takwas da ya haifa mini."

Mahaifiyar Kwaji, Mama Selina, ita ta yarda ta zauna. Ta gyara ɗankwali, ta dubi kyamara kamar mai ba da shaida a kotu, ta ce, "Sunansa Hansai. Mace ne." Kwaji ya dafe kai, amma ya ɗauka haka. Ya saka a farkon fim ɗin, ya sake yini yana turawa.

Amsa ta zo bayan kwana huɗu. An rufe karɓar gyara, an riga an buga jadawali. Ko a nuna fim ɗin yadda yake, ko ya janye.

Abokinsa Muktar, mai gyaran waya a shagon kusa, ya ce, "Kai, bar su su nuna. Wa ya san Hansai a can? Sunanka dai ya fita."

"Shi ke nan ai," in ji Kwaji. "Ba wanda ya san ta. Minti goma sha huɗun nan ne kaɗai za su taɓa sani."

Ya rubuta musu layi biyu ya janye fim ɗin.

Ranar Asabar ya ɗauki wani aure a unguwar Kolere, yana ta cewa a matsa daga gaban amarya. Ranar Litinin ya buɗe kwamfuta, ya canza harafi ɗaya a sunan fim ɗin, ya mai da shi Ungozomar. Ya cike takardar biki na goma, ya danna turawa. Da ya kai kashi sittin da ɗaya cikin ɗari, intanet ya yanke.