Yadda Muka Kai Kyanwar Gwaggo Maradun

Ana sallame asuba muka tashi daga Talata Mafara, ni da ƙanena a kan babur, kwando a cinyata. Cikinsa kyanwar gwaggonmu ce, wadda ta rasu kwana tara kafin nan. Tsohuwar kyanwa ce mai gudun mutane, in ban da gwaggo ba wanda ta taɓa yarda da hannunsa. Tun ranar jana'iza ta shige ƙarƙashin gado, ruwa kaɗai take lasa, har ƙasusuwanta suka fito. Za a rufe gidan gwaggo, ni kuma ba zan iya riƙe ta ba, matata tana da asma.

Bakura muka fara nufa, wurin wani ɗan'uwanmu mahauci, don gidansa ba a rasa guntun nama. Hagu da dama shinkafa ce kore shar a bakin magudanan ruwan Bakolori. Mun tsaya sayen ƙosai, mai tuyar ta ɗaga murfin kwando tana zaton kaza ce. Da suka haɗa ido da kyanwar, sai ta ƙara mana ƙosai biyu, ta ce mu ci a gaba.

A gidan mahaucin aka yanko mata hanta, ko shinshinawa ba ta yi ba. Ƙofa ta zuba wa ido, tana juya kai a hankali kamar mai bin wani da ya shigo yana ratsa tsakar gida. Duk muka waiwaya. Ba kowa. Matar mahaucin ta ce, "Ku yi haƙuri, wagga mussa ba ita ɗai take tahe ba." Mijin ne ya tuna mana da wata aminiyar gwaggo tun ƙuruciya, a Maradun, ta wajen Faru.

Muka sake ratsa Mafara. Bayan mun wuce madatsar ruwa hanya ta yi tsit. Mun gifta wani ƙauye da rana tsaka, rumbuna a buɗe, turmi a kife, ba hayaƙi, ba kukan akuya. Ƙanena ya ƙara wa babur wuta. A nan kyanwar ta yi kuka sau ɗaya, karo na farko tun rasuwar.

Aminiyar gwaggo tsohuwar makauniya ce, muka same ta zaune a tabarma, da ƙwaryar nono a gefenta. Ba mu gama gaisuwa ba ta ce, "Ku aje ta nan, tun sahe na share mata wuri."

Na ce, "Inna, wa ya gaya miki muna tafe?"

"Mun yi da ita, in ta riga ni, mussar tawa ce. Shekaranjiya ta tuna mani." Sai ta tambaya, "Ran Alhamis ta cika ko?"

Ran Alhamis ne. Surukarta ta rantse ba wanda ya zo musu da labari, kuma ba waya a gidan. Muna kallo kyanwar ta fito, ta sha nonon, ta kwanta a kan ƙafar tsohuwar. Sai a lokacin Inna ta fara hawaye.

Kafin la'asar muka juyo, don ba mai son yamma ta same shi a wannan hanya. Mun iso gida lafiya. Ban san yadda gwaggo ta tuna mata ba, ban kuma tambaya ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, mun sanar da rasuwar ga duk wanda lambarsa ke wayoyinmu, muka manta da wadda ta fi mu saninta.