Ɗankunnen Inna a Ƙarƙashin Ciyawa

Ɗankunnen mahaifiyata na zinari ne, ƙirar da, mai nauyin da yake ɗan jan kunne. Ranar da aka raba kayanta shi kaɗai na ce ina so, yayyena suka kwashe zannuwa da kwanuka. Da shi nake shiga kasuwar Shisanhang ta birnin Guangzhou cinikin dogayen riguna, da shi nake komawa masaukina a unguwar Xiaobei, ko wanka ba na cire shi. Ƙanin mijina ne ya raba ni da wari guda, kuma har yau in na tuna dariyar da ya yi sai abinci ya fita raina.

Shi a Guangzhou yake zaune, ni kuwa zuwa nake in yi sari in koma Kano. A lokacin ya shiga harkar injin gano zinari, wanda masu haƙa a arewacin Nijar suke rububinsa. Sanda ce mai faifai a ƙasa, ana shara ta a kan ƙasa kamar tsintsiya, in ta ji ƙarfe sai ta yi ƙara. 'Yan wannan harka suna da yadda suke talla: a je lambun shaƙatawa, a binne zinari a ciyawa, a ɗauki bidiyo ana gano shi, a tura wa masu saye ta waya.

Wata Lahadi ya same ni a gidan abincin da mu 'yan kasuwa muke taruwa, ya zauna yana kallon kunnena.

"Matar Yaya, ara mini wari ɗaya mana. Yanzun nan zan dawo miki da shi."

Na ce ba na ba da aronsa. Ya shiga wasan nan namu na ƙanin miji, wai ni matarsa ce, kayana nasa ne, wai rowa ce ta hana ni ƙiba. Mutane suna dariya, ni ma ina yi. Na cire na dama na ba shi, amma na ce ƙafata ƙafarsa, na bi shi lambun.

A gabana ya naɗe shi a takarda, ya haƙa rami da ɗan cokalin gini a gefen wata bishiya mai saiwoyi a waje, ya zurfafa sosai don masu saye su ga ƙarfin injin. Ya mayar da ciyawar, ya dasa gorar ruwa a kai don shaida. Sai ya ce la'asar tana wucewa. Muka koma bayan wasu shuke-shuke, ya yi salla, na yi. Da muka dawo babu gora. Can nesa muka hango wata tsohuwa 'yar ƙasar da buhunta na robobi a kafaɗa. Ban ga laifinta ba, sana'arta ke nan.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi. "Ai aikin injin ke nan."

Injin ya yi ta kuka a ko'ina. Muka tono marafan kwalba, ƙusa, maɓallin wando, har da wani tsohon kwabonsu da ya yi kore, mai huji a tsakiya irin kwabon da kakata take ajiyewa. Ya ɗaga shi yana murna wai kayan tarihi ne. Daga nan mai gadin lambun ya zo, ya ga ramuka, ya yi ta faɗa yana nuna mana ƙofa. Na nuna masa kunnena, na nuna ƙasa. Ya girgiza kai ya ce "meyo", wato babu, ya sake nuna ƙofa.

A bakin titi ƙanin mijina ya fashe da dariya.

"Matar Yaya, kin zama mai kunne ɗaya ke nan. Haba, zinari ne fa, ba rai ba. In kaya suka fita zan saya miki wanda ya fi shi."

Na juya na yi tafiyata. Na kira mijina, ya ce in yi haƙuri, ƙanina ne, wasa ne tsakaninmu. Wannan maganar ta fi ta ƙanin ƙona mini rai. Na gane cewa in na yi fushi a fili za a ce ban san wasa ba, in na yi shiru kuma an ci bulus. Sai na ƙullace shi, na ci gaba da gaishe shi da fara'a.

Na koma lambun ni kaɗai sau da dama. Ina zama a benci ina kallon tsofaffin mata suna rawarsu da mafitai, in na ga mai gadi ya ba da baya sai in tsuguna ina caka tsinke a ciyawa. Bishiyar tana da gefe da yawa, kowanne sai in ga kamar shi ne. Shi kuwa ko sau ɗaya bai sake zuwa nema ba. Ya ari zoben wani ya yi bidiyonsa a wani lambun, ya binne shi sama-sama yadda ko da ido za a gani.

Ana cikin haka na ji a wurin ejan ɗinmu na kago, mai aika mana kaya gida, cewa wasu manyan 'yan kasuwa sun zo daga Maraɗi, za su ɗauki injinan da yawa, amma sun ce sai sun gwada da idonsu bayan Juma'a. Na tare su a ƙofar Masallacin Huaisheng, shi yana tsakiyarsu cikin sabuwar shadda. Na gaishe su da ladabi.

"Alhaji ƙarami, ina za ka kai baƙi gwaji? Ai ga wurin da ka binne zinarina, har yau yana nan. Ba sai kun wahala da sabon rami ba."

Babbansu, wani dattijo mai farin gemu, ya juyo.

"Mi kika ce, Hajiya? Zinari na ƙwarai shina cikin ƙasa?"

"Na gado ne, Alhaji. Ga ɗan'uwansa." Na ɗaga mayafina na nuna masa kunnen hagu.

"To ai wanga shi ne gwaji," in ji dattijon. "Mu tai can."

Ƙanin mijina ya yi yaƙe ya ce wasa nake, ni matar wansa ce, haka muke. Na ce ƙwarai kuwa haka muke, shi ya sa nake so in taya shi ciniki.

Da muka isa lambun mai gadi ba ya nan, na zauna a bencina, na buɗe lemo. Ya shara injin gaba, ya shara baya, zufa tana keto masa har ta jiƙa shaddar. Duk inda injin ya yi kuka sai ɗaya daga cikin baƙin ya caka wuƙa ya fito da marfin kwalba, ya jera a kan dutse. A raina ina addu'a iri biyu, ɗaya a samu, ɗaya kada a samu a hannunsa, kuma ba zan ɓoye ba, ta biyun ta fi ƙarfi. Da dutsen ya cika dattijon ya karkaɗe hannunsa, ya ce mini Allah ya mayar da alheri, suka tafi. Ko sallama ba su yi masa ba.

Ya tsaya da sandarsa a hannu, ya juyo wurina.

"Matar Yaya, kin kashe ni. Duk abin da na mallaka yana cikin injinan nan."

"Haba, Alhaji ƙarami," na ce. "Inji ne fa, ba rai ba."

Kafin in koma gida ya aiko mini da sabon ɗankunne a akwati mai kyau. Na mayar masa. Mijina ya yi fushi, surukata ta daina amsa gaisuwata na wani lokaci, na jure. Zuwan da na yi bayan nan na tarar an shimfiɗa daɓen dutse a kewayen bishiyar, an kafa kujeru, yara suna gudu a kai. Na daɗe a tsaye ban san ma wane gefe zan kalla ba.

Har yau wari ɗaya nake sawa, kunnen dama babu komai. Mata suna tambaya a jirgi, a kasuwa, a gidan biki, ni kuwa ba na gajiya. Ina gyara zama in ba su labarin tun daga farko, da sunansa da na ubansa.