Goron Bakina Ne Ya Hana Ta Digiri

A lokacin da abin nan ya faru ni ne babban ma'aikaci a wani ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Zariya, na haura hamsin, ina zaune a Tudun Wada da iyalina. Kowa Baba yake ce mini, ni kuma ina jin kaina, gani nake babu mai koya mini wanke gilashi bayan shekarun da na kwashe ina yi. Ga ni da cin goro, bakina ba ya rabo da shi tun safe.

Aka haɗa ni da wata ɗaliba mai neman digiri na biyu, 'yar wani malamin makarantar coci. Aikinta shi ne ƙera wasu 'yan gilasai kamar farcen babban yatsa, masu siraran hanyoyi kamar silin gashi. Ana ɗiga yawun mutum, ya bi hanyar, na'ura ta faɗi yawan sinadarin da jiki ke fitarwa idan mutum yana cikin damuwa. Nawa aikin shi ne gyara fuskar gilashin kafin a rufe shi: in wanke tas, in busar da iska mai tsabta ta silinda, sannan a shimfiɗa maganin da zai kama sinadarin. Ta roƙe ni cikin ladabi cewa ko ƙurar alli ta hau, shimfiɗar ba za ta zauna ba. Na ce mata ba yau na fara ba.

Sai iskar silinda ta ƙare, sabuwa kuma ba ta zo ba. Maimakon in faɗa, na riƙa sauke takunkumin fuskata ina hura wa gilashin baki, kamar mai fifita kunu. Wata huɗu ina haka. Ita kuwa tana bin gidaje a Tudun Jukun tun da sassafe, tana lallashin mata su tofa mata yawu a kwalba, wasu na yi mata kallon mai asiri. Duk gwajin da ta yi sai ya fito a hargitse, yawun mutum guda ya ba da amsa uku. Malaminta mai duba aikin ya ce hannunta ne ba shi da tsabta. A gabana ya faɗa, ni kuwa har ga Allah ban zargi kaina ba. Wa'adinta ya cika ba ta da abin rubutawa, ta tattara ta bar karatun.

Bayan tafiyarta ne na ɗora ɗaya daga ragowar gilasan a na'urar ƙara girma. Fuskar gilashin cike take da ɗige-ɗigen busasshen yawu, da jajayen ɓarɓashin goro da suka toshe hanyoyin, maganin kuma ya ɗaɗɗage a gefensu kamar tsohon fenti. Ƙazantar bakina ce yarinyar nan ta yi wata huɗu tana aunawa. Na fita na tofar da goron, na kuskure baki ya fi sau goma, amma ƙyamar kaina ba ta tafi ba.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa unguwar Kwangila, inda take tsaron kemis ɗin yayarta. Na faɗa mata komai, ina jiran ta zage ni. Ta ba ni kujera, ta ce ai ta sani. Ta taɓa shigowa ta gan ni ina hurawa, ta koma da baya, saboda ba za ta iya ce wa sa'an mahaifinta ya rufe bakinsa ba. Ta yi ta sake wanke wasu a ɓoye, sai dai ba su isa ba. Na ce zan je in gaya wa malaminta, na kuwa je, amma an riga an rufe fayil ɗinta.

Abin da na koya shi ne, girman da ake ba mu yana iya zama cuta ga masu ba mu shi. Ina gargaɗin tsofaffin ma'aikata irina, idan kayan aiki sun ƙare ku faɗa, kada ku yi dabarar ganin dama da aikin wani. Ku kuma 'yan baya, in kun ga Baba yana ɓarna ku yi magana, ko da muryarku na rawa. Ni har yanzu ina kan kujerata ana gaishe ni, ita kuwa tana miƙa wa mutane maganin mura.